Mai Amsawa a Ɗakin Albasa

Ranar da abin ya fara, babu wanda zai ce maka ga wata alama a gidan Almustapha na Rimawa. Rana ta yi ja ta kusa faɗuwa. Awaki sun dawo sun tsaya bakin zaure suna jiran a buɗe musu, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Matar gidan, Asabe, ta ɗora ruwan tuwo ta shiga ɗaki ɗebo gari. Maigidan kuwa yana bayan tsohon ɗakin albasa, durƙushe bakin wani rami, waya maƙale tsakanin kunnensa da kafaɗa.

Almustapha mai aikin kwamfuta ne, irin mutanen nan da in ka ce su duba maka fanka sai sun fara yi maka karatun yadda wuta ke tafiya cikin waya. Wata ƙungiyar manoman rani ce ta ba su aiki, shi da abokansa biyu, su kafa manyan kwamfutoci uku da masu sana'ar ke ce wa saba, waɗanda za su riƙe sunayen manoma da rabon ruwa da na taki. Ɗaya a Wurno wajen Zayyanu, ɗaya a Rabah wajen Khalid, ta ukun a ƙasar Goronyo. Ukun nan haɗe suke kamar duwatsun murhu. Abin da ɗaya ta sani duk sun sani, kuma dare da rana kiran juna suke yi suna jin amsa, don in ɗaya ta faɗi sauran su ɗauki kayanta. Ta Wurno da ta Rabah sun daɗe da tashi. Ta Goronyo ce ta rage, saboda ofishin da za a sa ta ko rufi ba a yi masa ba. Shi ne Almustapha ya bugi ƙirji ya ce a kawo ta gidansa kafin nan, tunda Rimawa ma ƙasar Goronyo ce. Yana da sola, yana kuma da ɗakin albasar marigayi babansa, mai kaurin bango da sanyi kamar cikin randa.

Ya share ɗakin, ya kafa akwatin kwamfutar, ya ja waya, ya ɗaure farantin sadarwa bisa dogon ƙarfe. Abu guda ya rage masa, wato sandar jan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa don tsawa da ɓatacciyar wuta su sami hanyar wucewa. Yadda masu aikin suka saba, rami ake haƙawa a buga sandar, a cika da gawayi da gishiri, a jiƙa, don ƙasa ta kama. Duk ya yi. Sai dai gishirin ya dunƙule kamar tsakuwa, ruwan sanyi ya ƙi narkar da shi, ga Zayyanu a waya yana ta yi masa tsiya, wai tun la'asar suke jira, ko sai sun turo masa 'yan gudummawa. A nan ne idon Almustapha ya faɗa kan tukunyar Asabe tana tafasa.

Ya yafito ɗiyarsa Raihana, budurwar da ta gama sakandare tana jiran shiga makarantar jinya. Ya nuna mata tukunya, ya nuna mata rami. Yarinyar ta ɗan tsaya, don kowa a garin ya san ba a zuba ruwan zafi a ƙasa da almuru, in kuwa ya zama dole sai an yi bisimilla an ba masu wurin haƙuri. To amma uba ne ya nuna, kuma a zatonta ya riga ya yi bisimillar. Shi kuma a nasa zaton ai mai zubawa ke yi, bakinsa yana can wajen Zayyanu. Haka tafasasshen ruwan nan ya sauka bisa gishiri babu wanda ya ambaci Allah.

Ramin ya yi wani dogon huci da ya fi ƙarfin ruwan da aka zuba. Awaki suka watse daga bakin zaure. Sai gari ya yi tsit, irin shirun da mutum ke jin jininsa na gudu cikin kunne.

Asabe ta fito ta iske tukunya kife, ta faɗi abin da ta faɗi, ta sake ɗora wani ruwan. Bayan sallar magariba Almustapha ya kunna akwatin, 'yar fitilar gabansa ta yi kore, Zayyanu ya ce a waya ta Goronyo ta shigo, ukun sun haɗu. Maigida ya zauna cin tuwo yana jin kansa kamar wanda ya gina dam ɗin Goronyo shi kaɗai. Lomarsa ta farko ba ta kai baki ba dutse ya sauka bisa kwanon rufi.

Ya ce yara ne. Ya leƙa waje da tocila bai ga ko kyanwa ba. Kafin ya dawo wani abu ya faɗo cikin miya, Asabe ta tsamo shi ta kai kusa da fitila. Gawayi ne, jiƙaƙƙe, da ɗumi, farin gishiri manne a jikinsa. Daga nan suka yi ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, ba daga gabas ba, ba daga yamma ba, daga sama kawai, kamar wani yana zaune bisa hayaƙin gidan yana saki. Da jifan ya lafa sai suka ji ɗaya abin. Daga cikin ɗakin albasa, ƙarƙashin gunjin na'urar, wata murya ce ƙasa-ƙasa, ta tsohuwa, a gajiye, tana faɗin kalma ɗaya tana maimaitawa.

"Na'am. Na'am. Na'am."

Almustapha ya ce fankar cikin akwatin ce, sabuwa ce ba ta saki ba.

"Hwanka na cewa na'am?" in ji Asabe, ba ta ko kalle shi ba.

Babu wanda ya yi barcin kirki. Washegari ya wuni yana kwance wannan yana ɗaure wancan, muryar ba ta fasa ba. Da yamma ta yi Asabe ta ce ko dai ya kashe abin nan, ko ita ta kwashi ɗiyarta ta koma gidansu. Ya shiga ya kashe, ya zare waya daga bango, ya fito da ita a hannu don ta gani da idonta. Muryar ta ɗauke. Asabe ta sauke numfashi, har ta fara cewa alhamdulillahi.

Raihana tana zaune bisa tabarma tana tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan a hankali, kamar mai gudun kada ƙwaya ta zube. Ta miƙe, ta ratsa tsakanin iyayenta ba ta dubi kowa ba, ta shiga ɗakin albasa, ta zauna a ƙasa kusa da mataccen akwatin, ta jingina bayanta da bango. Sa'annan ta buɗe baki.

"Na'am."

Suna tsaye bakin ƙofa wayar Almustapha ta yi ƙara. Zayyanu ne, cike da fara'a, ya kira ya yaba masa aiki. Ya ce ta Goronyo ta fi kowace lafiya, tun jiya ko sau guda ba ta yi fashin amsawa ba, har yanzu ga ta nan kore shar a gabansa. Almustapha ya dubi bakin wayar wutar da ke hannunsa, ya dubi ɗiyarsa, ya kashe kiran.

Sun yi ƙoƙarin ɗauko ta. Shi ya kama kafaɗa, Asabe ta kama ƙafa, maƙwabta biyu suka sa hannu, amma yarinyar da ba ta kai buhun gero nauyi ba ta zama kamar ginin da aka yi tare da ɗakin. Almustapha ya hau ya sauke farantin, ya datse duk wayar da ya ja da hannunsa, ya fitar da akwatin tsakar gida ya kife shi. Bakin Raihana bai tsaya ba. In an kai mata ruwa a cokali, kafin ta haɗiye amsa ta zo, sai ta ƙware, ruwan ya dawo ta hanci. Barci ba ya samun inda zai shiga. Kwana ya bi kwana, leɓenta ya tsage, muryar ta dushe ta koma kamar ana jan kara a ƙasa. Abin da ya fi karya zuciyar Asabe shi ne idanun. Bakin ba nata ba ne, amma idanun nata ne, suna bin uwar duk inda ta yi, suna roƙo.

Da farko mutane sun cika gidan, kowa da maganinsa, wani ya ce a turara barkono, wata ta ce ai ciwon 'yan boko ne. Da gawayi ya fasa wa mutum biyu goshi sai kowa ya tuna yana da aiki a fadama. Masu garuwa suka koma bin ɗaya layin. Almustapha ya yi niyyar fita neman taimako, amma ƙafarsa na taka dokin ƙofar zaure duwatsu suka rufe shi kamar ƙanƙara, can ciki kuma wuyan Raihana ya murɗe har Asabe ta yi ƙara. Ya dawo da baya, wuyan ya saki. Ya sake gwadawa, aka sake. Daga nan ya gane shi ma a ɗaure yake, igiyarsa ce dai ta fi ta ɗiyarsa ɗan tsawo.

Wan Asabe ne ya hau babur ya tafi Lahodu ya ɗauko Malam Maccido. Wani ɗan tsamurmurin dattijo ne, manomin gero, mai karatun da ba ya son a yi zancensa. Ya iso bayan azahar da butarsa, bai tambayi labarin kwamfuta ba. Ya zaga gidan a hankali har ya kai bayan ɗakin albasa, ya durƙusa bakin ramin, ya ɗebi ƙasa ya ɗanɗana, ya tofar.

"Da zahi kunka zuba ko da sanyi?"

Almustapha ya sunkuyar da kai ya ce da zafi. Malam ya tambayi lokaci, aka faɗa masa. Ya daɗe yana kallon maigidan, irin kallon da ake yi wa babban mutum da aka kama yana wasa da wuta, sa'annan ya je ya zauna bakin ƙofar ɗakin, ya tanƙwashe ƙafa, ya fara karatu.

Ya yi nisa kafin jikin yarinyar ya soma rawa. Kanta ya ɗago, fuskar ta tattare kamar ta mai shekara ɗari, muryar ta fito a tsinke, amsa na katse ta kowane numfashi.

"Malam, bar ƙona ni hakanan. Na'am. An riga an ƙona ni. Na'am. Ba don so nike nan ba."

Malam ya sassauta karatun ya tambaye ta ko ita wace ce, da abin da ya kawo ta jikin ɗiyar mutane. A guntu-guntu ta ba da labarin. Musulma ce, in ji ta, kuma ƙofar gidanta a wurin nan take tun kakan maigida bai san zai yi gini ba. Ta zauna da albasarsu shekara da shekaru ba ta taɓa ruɓar musu da ko ɗaya ba. Ran nan tana fitowa da almuru aka sheƙa mata wuta da gishiri, ƙofar ta toshe a bayanta, ta rasa inda za ta bi sai jan ƙarfen nan, ta haura shi har cikin akwati. Tana shiga ta ji ana kira daga wurare biyu. Ta ɗauka sallama ce, ta amsa, don ita an yi mata tarbiyya. To su irinsu, in aka kira su suka amsa, ba su da ikon juya baya sai mai kiran ya yi shiru. Waɗannan kuwa ba su taɓa yin shiru ba. Da aka kashe akwatin kiran ya biyo ta, ita kuma ta nemi hannun da ya zuba ruwan.

"Waɗanne irin marasa kunya na waɗanga? Na'am. Kira ba saƙo, kira ba saƙo. Na'am. Ko ɗan kishiya... ko maƙiyi ba a yi mai haka."

Malam ya ce za a yi mata maganin masu kiran, amma sai ta yi alkawarin fita. Ta ce za ta fita da hannun yarinyar na dama, ladan fatarta da ta saluɓe. Malam ya ce hannun ba nata ba ne, ba na yarinyar ba ne ma, na wanda ya halicce shi ne, ya ɗaga murya da karatu har ta yi kururuwa ta ce ta bar hannu. Ta ce to a yanka mata baƙin bunsuru bakin ramin. Ya ce ita da ta ce musulma ce, da bakinta take neman jini? Sai ta ce a dai buɗe mata ƙofarta. A cire ƙarfen, a kwashe gishirin da hannu, kada a sa fartanya, a zuba ruwan randa da sunan Allah. Ta ƙara da cewa su yi sauri, jikin nan ya kusa ƙarewa, in kuwa ya ƙare tana ciki, ita da yarinyar babu mai fita.

Malam ya waiwayo ga Almustapha ya ce su wane ne masu kiran. Maigida ya fara bayani tun daga tushe, Malam ya ɗaga masa hannu.

"Ni ban tambai karatu ba. Kana iya hana su, ko ba ka iyawa?"

Ya ce ana iyawa, amma ba daga nan ba. Sai an cire ta Goronyo daga cikin haɗin gaba ɗaya, ta Wurno da ta Rabah duk su yarda ba su da ta uku, sannan su bar nemanta. Ya kira Zayyanu ya faɗa masa komai. Zayyanu ya yi dariya har da tari, ya ce aikin da suka sha wuya a kansa ne za a rushe don tatsuniya, kuma in biyu suka rage ɗaya ta yi tuntuɓe komai ya tsaya, mi za su ce wa ƙungiyar da ta ba su aikin? Almustapha bai yi gardama ba. Ya ce masa ya dubi 'yar fitilar Goronyo da ke ƙiftawa a gabansa, ya miƙa wayar cikin ɗaki kusa da bakin Raihana. Fitila ta ƙifta a Wurno, yarinya ta ce na'am a Rimawa. Ta ƙifta, ta ce na'am. Dariyar ta ɗauke. Can sai aka ji Zayyanu yana salati a hankali, ya ce tasa ya gama yanzu, amma wayar Khalid a kashe take, bari ya hau babur zuwa Rabah da kansa.

Sauran aikin na hannu ne. Almustapha ya durƙusa bakin ramin yana yaƙuto gawayi da yatsu, gishiri na shiga ƙarƙashin farcensa, yana jijjiga sandar har ta saki. Asabe na kawo ruwa daga randa, kowace moɗa da bisimillarta, da ƙarfi, kamar tana biyan ta ran nan. Inuwar katanga ta miƙe ta cinye tsakar gida. A cikin ɗaki amsar ta koma iska zalla, sai leɓe ke motsi, Malam kuwa bai ɗauke ido daga ƙirjin yarinyar ba.

Rana na dab da faɗuwa Zayyanu ya kira ya ce ya samo Khalid a gonar shinkafa, ga su gaban na'ura, kalma kawai suke jira. Sai tsohuwar ta yi magana ta ƙarshe.

"In sunka yi shiru, ku ma ku yi. Na'am. Kada wanda ya kira wani cikin gidan ga, balle yarinyar, sai ta ƙetare ƙohwa da ƙahwarta. Na'am. Kunnena ya saba. In an kira, amsawa nika yi."

Malam ya dubi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya har kowa ya gyaɗa kai. Almustapha ya ce wa Zayyanu su cire, ya kashe wayarsa gaba ɗaya.

Leɓen ya motsa sau ɗaya, ya sake motsawa, ya tsaya a buɗe yana jiran kiran da bai zo ba. Babban yatsan ƙafarta na hagu ya yi rawa, ya miƙe, ya saki. Bayan ɗakin wani ɗan huci ya fito daga ramin, gajere, kamar na wanda ya sauke kaya. Sai kan Raihana ya faɗo bisa ƙirjinta, jikin ya zame gefe, ta kwanta ba motsi.

Daga bakin ƙofa ba a iya gane ko tana numfashi. Duhu ya fara taruwa a kusurwoyin ɗakin. Almustapha ya ɗaga ƙafa zai shiga, Malam ya tare shi da hannu. Asabe kuwa tunda ta haifi yarinyar nan ba ta taɓa kama sunanta ba, don 'yar fari ce, sai dai ta ce ke, ko ta ce 'yar nan. Yau sunan ya taso mata tun daga ciki, ya cika mata maƙogwaro, ya zo har bayan haƙora. Ta cusa gefen gyalenta a baki ta cije, hawaye na bin gyalen. Haka suka tsaya, mutum huɗu, babu mai iko da harshensa, suna kallon ɗiya kwance taku kaɗan daga gare su.

Can yatsun hannunta suka motsa cikin ƙura. Ta yi tari. Ta dafa ƙasa ta tashi zaune, ta dubi ɗakin kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta kama bango ta miƙe, ƙafafun suka ƙi, ta durƙushe, ta sake kamawa. Ta taho tana jan jiki da bango, ta tsaya bakin dokin ƙofa tana haki, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta fitar, ta jawo ɗayar.

"Inna," ta ce, muryar a dushe amma tata.

Asabe ba ta amsa ba. Ta juya jajayen idanunta ga Malam, gyale a baki.

"Ke, amsa mata," in ji Malam Maccido. "Wagga taki ta."

Asabe ta tofar da gyalen ta amsa. Sa'annan ta rungumo ta, ta kama sunan, cikakke, da ƙarfi, a gaban mijinta da wanta da baƙo, ta sake kamawa, ta sake. Malam ya duƙa yana gyara murfin butarsa, ya yi kamar bai ji ba.